Maɓallin Start Ya Ƙi Buɗewa? Dakata Kafin A Yi Mata Fomatin



Wata Laraba bayan isha'i ɗan yayata ya yi sallama ya shigo rungume da kwamfutarsa ta cinya, fuskarsa kamar wanda aka aiko wa saƙon rasuwa. Yana ajin ƙarshe a jami'a, babi huɗu na kundin kammala karatunsa na cikinta, saura kwana tara ya miƙa wa malamin da ke duba masa. Kwamfutar tana tashi lafiya ƙalau. Hoton bango yana fitowa, kibiyar linzami tana yawo. Amma ko sau nawa ya danna maɓallin Start, ko gezau. Sandar nan ta ƙasan allo mai ɗauke da agogo da alamar batir da ta intanet, wadda masu sana'a ke kira taskba, ita ma ta ƙame. Ya riga ya gama shawara da zuciyarsa, gari na wayewa zai kai ta kasuwa a yi mata fomatin. Kuɗin mota da na mai gyara ya zo nema.

Na ce masa, “Me ka taɓa a cikinta?” Ya ce, “Ba komai, Kawu.” Sai da aka kawo masa shayi hankalinsa ya ɗan kwanta, sannan maganar ta fito. Kwamfutar ce ta yi nauyi. Abokinsa ya tura masa wata manhaja mai share datti, ta ce ta gano matsaloli sama da dubu a cikin rajista, wato inda Windows ke ajiye saitunanta, shi kuwa ya danna ta gyara su duka. Daga nan ya bi wani bidiyo da ya koya masa shiga msconfig ya kashe ayyukan da mai bidiyon ya ce ba su da amfani. Ya rufe kwamfutar ya kwanta yana murna. Da safe ya tarar da abin da ya tarar.

Saboda shi da ire-irensa nake wannan rubutu. Kusan duk matashin da ya mallaki kwamfuta zai taɓa shiga wannan hali, domin kwamfutocin da yawancinmu ke iya saye na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso mu, kuma mai jin nauyin kwamfuta kullum yana neman abin da zai sauke. Abin da nake so ka riƙe shi ne: in Start da sandar ƙasa sun daina amsawa jim kaɗan bayan ka yi shara, to maganin yana cikin abin da ka share. Fomatin ba ya tambayar me ya faru. Rushe gidan yake yi da kayan da ke ciki, a sake gini.

Ka fara sanin me ya mutu. Abin da kake gani a allo fuskar Windows ce kawai. Akwai wata manhaja mai suna explorer.exe, ita ke zana bango da gumakan da ke kansa da sandar ƙasa, ita ce kuma ke buɗe maka foldoji. Kamar zaure take a gidan Bahaushe. In ƙofar zaure ta cije, mutanen gida da rumbun hatsi duk suna nan a ciki lafiya, kai ne dai ka rasa mashiga. Takardunka da hotunanka suna kwance inda ka bar su.

Maɓallin Start da sandar ƙasa sun zo ne tare da Windows 95, wadda Microsoft ta fitar ranar 24 ga Agusta, 1995. A 2012 kamfanin ya cire maɓallin a Windows 8, jama'a suka yi ta ƙorafi, aka dawo da shi a Windows 8.1 shekara guda bayan nan, sannan cikakken jerinsa ya dawo a Windows 10 a Yulin 2015. Sai dai wanda ya dawo ɗin an sake masa gini. A da jerin Start wani sashe ne na explorer. Daga Windows 10 ya koma ƙaramar manhaja mai zaman kanta, irin ginin manhajojin da ake saukowa daga kantin Microsoft, kuma tun sabuntawar Mayun 2019 yake da nasa suna, StartMenuExperienceHost. Irin waɗannan manhajoji suna da sharuɗɗa kafin su tashi. Dole sunansu ya kasance a rubuce a ƙarƙashin asusun mai kwamfutar, dole wasu ayyukan bayan fage su kasance a kunne, dole kuma a bar musu izinin karanta wasu foldoji da wasu sassan rajista. Ka taɓa ɗaya daga cikin ukun nan, Start ya yi shiru, ko kalma ɗaya ba zai gaya maka ba.

To waɗannan ukun su ne daidai abin da shara ke taɓawa. Manhajar share rajista tana yin hasashe ne, in ta ga rubutun da ba ta gane mai shi ba sai ta kira shi datti. Rubutattun umarnin da ke yawo a intanet da sunan rage wa Windows teɓa suna tumɓuke manhajojin kantin Microsoft, wani sa'in su haɗa da waɗanda Start ya dogara da su. A cikin msconfig akwai wani ɗan akwati da ke ɓoye ayyukan Microsoft don kada a taɓa su, wanda ya manta da shi ya danna kashe duka, ya kashe na gida da na baƙi gaba ɗaya. Akwai kuma hanya ta huɗu: bairos ya shigo ta filas, kamar yadda ya saba bin ɗalibai daga shagon buga takardu, antibairos ta cire shi, amma ramin da ya haƙa a rajista yana nan. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Yanzu ga mashiga. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Task Manager zai buɗe, ko da sandar ƙasa ta mutu murus, domin wannan kiran ba ta hannun explorer yake bi ba. In ya ƙi, danna Ctrl da Alt da Del, ka zaɓe shi daga jerin da zai fito. Wannan haɗin maɓallai uku ya girmi Windows 95 nesa ba kusa ba. Wani injiniyan IBM mai suna David Bradley ne ya ƙirƙiro shi don kwamfutar kamfanin ta 1981, kuma har yau shi ne ƙofar da ba ta cika cijewa ba. In Task Manager ya fito a ɗan ƙaramin akwati, danna inda aka rubuta “More details”. Abin da kake nema a cikinsa shi ne “Run new task”. A Windows 10 yana ƙarƙashin “File”, a sabuwar Windows 11 yana can sama a fili. Ta wannan ɗan akwatin za ka iya kiran kowace manhaja da sunanta, ba tare da Start ba. Duk abin da zan faɗa daga nan ta cikinsa za ka bi.

Kafin ka gyara komai, kwashe kayanka. Wannan ba na sassauta wa kowa a kansa. Soka filas, rubuta explorer.exe a akwatin nan, in taga ta buɗe ka kwafi foldar takardunka da ta hotuna da abin da ke kan bango. In ita ma ta ƙi, rubuta notepad, ka shiga “File” sannan “Open”, ka sauya zaɓin ƙasa zuwa dukkan fayiloli. Tagar da za ta fito tana yarda ka kwafa ka liƙa kamar yadda ka saba. Da haka muka fitar da babi huɗun ɗan yayata cikin 'yan mintuna, kuma a lokacin ne na ga kafaɗunsa sun sauka. Mutum ba ya tunani da kyau in wahalar shekara guda tana rataye a kan maɓalli ɗaya. In kayanka sun fita, duk abin da ya biyo baya gwaji ne kawai, ba caca ba.

Sai ka fara da mafi sauƙi. A jerin ayyukan da ke gudana nemi Windows Explorer, danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi “Restart”. Allo zai ɗan ɗauke, sandar ƙasa ta ɓace ta dawo. Ka kuma shiga shafin “Details” ka nemi StartMenuExperienceHost.exe ka tsayar da shi, Windows za ta sake tayar da shi da kanta. In daskarewa ce kawai, nan za ta tsaya. In ba ta tsaya ba, ka sake kunna kwamfutar, amma ka lura da wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8, kashe kwamfuta ta “Shut down” ba cikakken kashewa ba ne a yawancin injina. Tana adana wani sashe na halin da take ciki don ta tashi da sauri, ta farka da shi gobe. “Restart” ne ke sauke komai ya fara daga tushe. Alamar wuta tana kusurwar dama ta ƙasa a allon Ctrl da Alt da Del, daga nan za ka zaɓe shi.

In an yi wannan Start bai dawo ba, to ajiye linzami ka ɗauki biro. Rubuta duk abin da ka yi tun daga ranar ƙarshe da kwamfutar ke lafiya: wace manhaja ka saka, me ka danna a cikinta, wane bidiyo ka bi, me ka cire. A nan matasa suka fi faɗuwa, kuma ba rashin ilimi ke kayar da su ba, kunya ce. Yaro zai gwammace a ce kwamfutar ce ta lalace da kanta da a ce shi ya taɓa. Ni kuwa ina gaya maka, babu mai sana'ar kwamfuta da ya ƙware ba tare da ya ɓata wata ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ƙwaƙwalwa ta ƙi taimaka maka, rubuta perfmon /rel a akwatin nan. Zai nuna maka tarihin kwamfutar rana bayan rana, abin da aka saka, abin da aka cire, da ranar da manhajoji suka fara faɗuwa.

Da takardar nan a hannu, sai ka bi sawunka da baya. In msconfig ka taɓa, sake buɗe shi, a shafin farko ka zaɓi “Normal startup”, ka sake kunnawa. In manhajar share rajista ce, yawancinsu sukan tambaya ko a ajiye kwafin abin da za a goge, su bar shi a fayil mai ƙarewa da .reg, sau da yawa a foldar takardu. In ka amsa da e a lokacin, nemo fayil ɗin ka danna shi sau biyu, abin da aka goge zai koma mazauninsa. In antibairos ce ta yi aikin, duba ɗakin da take killace abin da ta kama. A nan dai ka yi hattara, kada ka saki abin da ba ka tabbatar ba, don wataƙila ɓarawon ne da kansa za ka buɗe wa.

Babban makami a wannan mataki shi ne System Restore, wanda ke tare da Windows tun shekarar 2000. Lokaci zuwa lokaci, musamman gab da sabuntawa ko saka wata babbar manhaja, Windows takan ɗauki hoton rajista da fayilolinta ta ajiye. Rubuta rstrui a akwatin nan, za ta nuna maka ranakun da take da su, ka zaɓi wadda ta gabaci sharar. Ba ta taɓa takardunka da hotunanka. Abin da za ka rasa shi ne manhajojin da ka saka bayan waccan ranar, kuma tana da maɓallin da zai lissafa maka su tun kafin ka amince. Ga irin ɓarnar da shara ke yi, ban san maganin da ya fi wannan dacewa ba, domin shi ne ke mayar da rajista da saitin ayyukan bayan fage gaba ɗaya a lokaci guda. Abin da ke ba ni takaici shi ne, sau da yawa sharar ce ke cinye wannan maganin. Manhajojin shara da dama suna lissafa waɗannan hotunan na System Restore a cikin abin da ke cin wuri, har Disk Cleanup na Windows yana da maɓallin da ke goge dukkansu ya bar na ƙarshe kaɗai. A kwamfutoci da yawa kuma System Restore a kashe yake zuwa, ba wanda ya taɓa kunna shi. In ka buɗe ka tarar babu ko rana ɗaya, kada ka karaya, akwai sauran hanya.

Koma “Run new task”, rubuta cmd, ka sa alama a ɗan akwatin da ke ƙasa mai ba da ikon shugaba. Baƙar taga za ta buɗe. Rubuta wannan daidai yadda yake:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

In ya gama, sai ka bi shi da wannan:

sfc /scannow

Jerin yana da dalili. Windows tana da rumbun da take ajiye kwafin fayilolinta na asali. Umarni na biyu yana duba fayilolin da ake aiki da su ya maye gurbin wanda ya lalace daga rumbun, na farko kuwa rumbun kansa yake gyarawa. In rumbun ya ɓaci, me za a ɗebo daga cikinsa? Umarni na farko yakan nemi intanet don ya sauko da abin da ya ɓata, saboda haka ka tanadi data. Yakan kuma tsaya cak a wani kaso na tsawon lokaci kamar ya mutu, alhali yana aiki. Kada ka rufe tagar. Kada kuma ka fara shi da batir mai rabin rai a unguwar da ake ɗauke wuta ba sallama. Ka cika caji tukuna, ko ka je inda ake da sola ko janareta. Gyaran da wuta ta katse a tsakiya yakan bar ɓarnar da ta fi ta farko.

Sai dai in gaya maka gaskiya game da waɗannan umarni biyu, don an cika kambama su. Fayilolin Windows suke dubawa. Ba sa duba saitin da ka canza, ba sa kuma duba asusunka. Za su iya ce maka komai lafiya alhali Start na nan a mace. In haka ta faru ba ɓata lokaci ka yi ba, ka dai gano cewa ciwon ba a fayiloli yake ba.

Daga nan sai a duba ko sunan Start ya goge daga asusunka. Kira powershell ta akwatin nan, wannan karon ba tare da alamar ikon shugaba ba, ka rubuta:

Get-AppxPackage Microsoft.Windows.StartMenuExperienceHost

In bayanai sun zubo, sunansa na nan. In ba abin da ya fito, an goge shi, sai a sake rubuta shi da wannan, duka a layi ɗaya:

Add-AppxPackage -Register "C:\Windows\SystemApps\Microsoft.Windows.StartMenuExperienceHost_cw5n1h2txyewy\AppxManifest.xml" -DisableDevelopmentMode

In jan rubutu ya fito ɗauke da lamba 0x80073D0A, ma'anarsa katangar tsaron Windows a kashe take, kuma irin waɗannan manhajoji ba sa rajista sai tana kunne. Masu bidiyon ƙara gudu suna son sa mutane kashe ta. Buɗe services.msc ka nemi Windows Defender Firewall ka tabbata tana aiki, sannan ka sake gwadawa.

A intanet za ka ci karo da wani dogon umarni mai kama da wannan da ke sake rajistar kowace manhaja ta kowane asusu a lokaci guda. Ana raba shi kamar maganin a-sha-a-warke. Wani lokaci yana aiki, wani lokaci ya bar ka da jan rubutu shafi guda da sabuwar matsala. Ni ba na son ka liƙa wa kwamfutarka umarnin da ba za ka iya faɗin aikinsa da bakinka ba, tunda irin wannan ɗabi'ar ce ta kawo ka nan tun farko. Wanda na ba ka abu ɗaya yake taɓawa, kuma ka san ko mene ne.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da ke raba gardama. A baƙar tagar nan mai ikon shugaba rubuta net user gwaji /add, sannan ka fita daga asusunka ta allon Ctrl da Alt da Del, ka shiga sabon asusun mai suna gwaji. In Start ya buɗe a can, Windows lafiyarta ƙalau, asusunka ne ya ji rauni. Sai ka ba sabon asusun ikon shugaba, ka sa masa kalmar sirri, ka kwaso kayanka daga tsohon da ke cikin C:\Users, ka ci gaba da rayuwa a sabon ɗaki. In a can ma bai buɗe ba, ciwon ya shafi gidan duka.

Ko a nan ɗin ma ba a kai ga fomatin ba. Ana iya ɗora Windows a kan kanta. Ka samo fayil ɗin ISO na irin Windows ɗin da ke kan kwamfutarka daga shafin Microsoft, ka buɗe shi daga cikin Windows ɗin da ke ciwo, ka danna setup.exe, ka zaɓi a bar maka fayilolinka da manhajojinka. Za ta sake shimfiɗa kanta, kayanka na zaune. Fayil ɗin ya haura gigabait huɗu, don haka ka nemi inda data ke da sauƙi ko wanda ya riga ya sauke. Ƙasa da wannan a daraja akwai “Reset this PC” tare da zaɓin barin fayiloli, wanda ke barin takardunka amma ya kwashe duk manhajojin da ka saka. Ana isa gare shi ta riƙe Shift a danna “Restart”. Gargaɗi ɗaya kafin ka shiga shuɗin allon da zai fito: in an kulle ma'ajiyar kwamfutar da BitLocker, za a iya tambayar ka mabuɗi mai lambobi 48. Yawanci yana ajiye a asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi. Nemo shi ta wayarka ka rubuta a takarda tukuna.

In Windows ɗin da ke kan injinka irin wadda aka yi wa ƙwange ce, wadda wasu ke ɗorawa da sunan mara nauyi, to da yawa daga matakan nan za su ƙi aiki, domin an riga an yanke sassan da suke dogara da su tun kafin ta zo hannunka. Wannan kam sai ɗora ta asali, bayan ka kwashe kayanka.

Ba na hana ka zuwa wurin mai gyara. A Farm Centre da titin Beirut a Kano, da kasuwannin irinsu a wasu garuruwa, akwai samari masu hannu da suka san aikinsu. Amma mai gyara yana da layin mutane a gabansa, fomatin kuma ita ce hanyar da ta fi gajarta a gare shi. In ka miƙa masa kwamfuta ka ce ta lalace kawai, ka ba shi izinin bin gajeriyar hanya. Ka je da takardar nan da ka rubuta. Ka ce masa, “Malam, ga abin da na yi, ga abin da na gwada, kayana kuma ban yarda a goge ba sai an gaya min.” Mai gyaran kirki zai ji daɗin wannan, don ka rage masa rabin aiki.

Saura tambayar da ta haifi duk wannan, wato nauyin kwamfutar. Rubuce-rubucen da suka saura a rajista bayan an cire manhaja ƙanana ne ƙwarai, goge su ba ya ƙara gudun da ido zai gani. Lambar nan mai ban tsoro da manhajar shara ke nunawa, matsala dubu ko dubu biyu, talla ce ta a sa ka danna. Microsoft da kanta ta bayyana a rubuce cewa ba ta goyon bayan amfani da manhajojin share rajista, kuma ba ta ba da tabbacin za a iya gyara ɓarnarsu ba tare da sake ɗora Windows ba. Ka kuma tuna cewa manhajar shara ikon shugaba kake ba ta a kan injinka. A 2017 masu kutse sun cusa mugun abu a cikin wani bugu na CCleaner, ɗaya daga cikin sanannun manhajojin shara a duniya, kuma kwamfutoci sama da miliyan biyu suka sauke shi daga hanyar kamfanin ta halal kafin a farga. In hakan ta sami mai suna, ina ga wadda aboki ya turo maka ta WhatsApp an fasa mata kulle?

Abin da ke sa tsohuwar kwamfuta jan ƙafa yawanci abu uku ne: tsohon faifan ajiya mai juyawa, ƙarancin RAM, da tarin manhajojin da ke tashi tare da Windows. Na ukun kyauta ake maganinsa, a shafin “Startup” na Task Manager, inda abin da ka kashe ba ya karya komai kuma kana iya mayar da shi da dannawa ɗaya. Na farkon kuwa, sauya faifan da SSD yana canza injin fiye da duk wata shara da za ka yi a shekara. In wuri ne ya cika, Storage Sense da Disk Cleanup da suka zo da Windows sun isa, su sun san abin da ba a taɓawa, sai dai ka guji maɓallin nan mai goge hotunan System Restore. Kuma kafin kowace irin shara, rubuta sysdm.cpl, ka shiga shafin kariya, ka kunna System Restore in a kashe yake, ka sa ya ɗauki hoton ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan kuwa bai fi minti biyu ba.

A daren Larabar nan, da muka mayar da msconfig yadda yake muka sake kunnawa, sandar ƙasa ta farfaɗo, agogo ya motsa, alamar intanet ta amsa. Start dai ya ƙi. Ɗan yayata bai ajiye kwafin rajistar ba, ya ce tambayar ta fito amma ya danna a'a don sauri. Muka kira rstrui, Allah ya taimake shi akwai hoto guda na kwana shida da suka wuce, wanda Windows ta ɗauka gab da wata sabuntawa. Na ce shi zai danna da hannunsa, ni ina kallo. Kwamfutar ta ɗauki kusan rabin awa tana aiki, shi kuma yana zaune bakin tabarma ya ƙura wa allo ido, shayin ya huce a gabansa. Da ta tashi ya kai kibiya kusurwa ya danna, jerin ya buɗe. Sha ɗaya ta wuce lokacin da ya miƙe zai tafi. Kuɗin da ya zo nema na ba shi, washegari ya sayi filas na biyu da su, ya kwafi kundin a ciki ya kai wa mahaifiyarsa ta ajiye masa a cikin akwatinta.